Taron da ba shi da shugaba da aikin 'yan jarida

Zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020, wadda matasan Najeriya suka yi don neman a rusa rundunar 'yan sanda ta musamman mai yaƙi da fashi, misali ce ta yunƙuri maras shugaba, wato taron da babu wata ƙungiya ko wani mutum guda da ke magana da yawunsa. A irin wannan hali, aikin da jagora kan yi na tsai da wuri da lokaci da jera buƙatu sai ya koma dandalin Twitter, inda buƙatu biyar na matasan suka bazu kafin su isa gaban gwamnati.

Daga nan ne matsalar gidajen jarida ta taso, domin editan da ya saba neman kakaki, in bai samu ba, yakan ɗauki wanda ya fi mabiya a intanet, ta haka kuwa sai jarida ta naɗa wa jama'a sarkin da ba su zaɓa ba. Wata matsalar kuma ita ce ta tantance labari: bayan harbe-harben da aka yi a wurin zanga-zangar a Lekki a daren 20 ga Oktoba, hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci tarar Channels da AIT da Arise naira miliyan 3 kowanne, bisa zargin watsa bidiyon da ba a tantance ba. Tantancewa wajibi ce ga ɗan jarida, amma tarar ta fi kama da jan kunne, ganin cewa mafi yawan shaidar daren ta fito ne daga wayoyin waɗanda ke wurin.