Final Fantasy VII: Labarin bai tsufa ba, amma wasan ya tsufa

A ranar 31 ga Janairun 1997 kamfanin Square na ƙasar Japan ya fitar da Final Fantasy VII a kan na'urar PlayStation. Ya zo a faifan CD guda uku, kuma girmansa ne ya sa kamfanin ya rabu da Nintendo, wanda a lokacin yake amfani da kaset ɗin da ba zai iya ɗaukar wasan ba. Tun daga wancan lokaci an sayar da kwafi sama da miliyan 10, kuma da wuya a lissafa manyan wasannin bidiyo na tarihi ba a ambace shi ba.

Yau wasan yana cikin wayar hannu. Ya shiga iPhone a 2015, ya shiga Android a 2016. Matashin da ya saba da gem ɗin ƙwallo na minti goma yana da haƙƙin ya tambaya ko wannan tsohon wasa ya cancanci awa 40 na rayuwarsa. Amsar ita ce ya cancanta, amma saboda labarinsa, kuma da sharaɗin mutum ya san wahalar da zai sha a hanya.

Labarin da ya fi ƙarfin zamaninsa

Wasan yana farawa a birnin Midgar, inda kamfanin wutar lantarki mai suna Shinra ya zama shi ne gwamnati, shi ke da sojoji, shi ke da kafar labarai. Tashoshinsa takwas suna zuƙo wani makamashi da ake kira Mako daga ƙarƙashin ƙasa, wanda shi ne ran duniyar kanta. Masu kuɗi suna zaune a kan wani katafaren faranti na ƙarfe a sama, talakawa suna ƙarƙashinsa, ba sa ganin rana.

Mai wasa yana riƙe da Cloud Strife, sojan haya da wata ƙungiya mai suna Avalanche ta ɗauka don ya taya ta tarwatsa tashoshin. Abin yabo shi ne wasan bai wanke kowa ba. Bam ɗin Avalanche ya kashe mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, kuma daga baya an tsare jagoranta Barret Wallace da wannan magana ido da ido. Shi kansa Barret yana cikin waɗanda suka goyi bayan Shinra ta kafa tasha a garinsu Corel, garin masu haƙar kwal, da fatan arziki zai shigo. Ƙarshenta kamfanin ya ƙona garin. Shinra kuwa, don ta murƙushe 'yan tawaye ƙalilan, ta sako farantin ƙarfen a kan unguwa guda da mutanenta a ciki.

Tambayar wa ke cin arzikin da ke ƙarƙashin ƙasa, wa kuma ke zama da ɓarnar, ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya san garin da ake haƙar mai ko ma'adinai. Wasa ne ya yi ta a 1997, ga yara da matasa, ba tare da ya sauƙaƙa amsar ba.

Sai kuma abin da kowa ya fi tunawa, kuma wanda ba ya son a ɓata masa labari zai iya tsallake wannan sakin layi. A ƙarshen faifai na farko, mugun labarin, Sephiroth, ya kashe Aerith, budurwa mai sayar da furanni da mai wasa ya shafe sa'o'i yana horar da ita. Ba ta dawowa. A wasan da ake farfaɗo da wanda ya faɗi a fagen daga da ƙwayar magani guda, darakta Yoshinori Kitase da abokan aikinsa sun zaɓi su nuna cewa akwai rashin da ba ya gyaruwa. Kiɗan Nobuo Uematsu yana ci gaba a hankali har cikin faɗan da ya biyo baya, mai wasa yana yaƙi zuciyarsa na wani wuri.

Tsarin faɗan ma yana da basira. Ana saka wasu duwatsu da ake kira Materia a ramukan makami ko sulke, kowane dutse da aikinsa: wuta, ƙanƙara, warkarwa. Idan an haɗa biyu a ramuka masu jone sai su ba da sabon abu, misali warkar da mutum ɗaya ta koma warkar da tawaga gaba ɗaya. Sabon shiga zai gane shi cikin minti kaɗan, gwani kuma zai daɗe yana gano dabaru.

Inda shekaru suka nuna

Babban aibin wasan shi ne bai san darajar lokacin mai wasa ba. Kana tafiya a daji ko cikin kogo, kowane 'yan taku sai allo ya juya, faɗa ya taso da dodon da ba ka gani ba balle ka kauce masa. Na farko da na goma suna da daɗi. Na ɗari biyu aikin gayya ne. Kiran mayaƙan Knights of the Round, hari mafi ƙarfi a wasan, yana ɗaukar fiye da minti guda ana kallo, kuma ba a iya tsallake shi.

Hoton ma ya gaji. Mutanen da ke yawo a taswira kamar an haɗa su da guntayen katako suke, hannu babu yatsu. Wuraren da suke tafiya a kai zane ne da ba ya motsi, har yakan yi wuya a bambance ƙofa da bango, musamman a ƙaramin allon waya inda maɓallan taɓawa suke rufe wani sashe na hoton.

Akwai matsalar harshe. Babu murya a wasan, komai karantawa ake yi, kuma fassarar Turanci ta farko an yi ta cikin gaggawa, da kurakuran nahawu da jimlolin da suka ɓata ma'ana. Wannan ya fi yin illa a tsakiyar labari, inda ake warware gaskiyar tarihin Cloud, wurin da dama can a murɗe yake. Wanda Turancinsa bai nuna ba zai iya kai ƙarshe bai san abin da ya faru ba.

Shi ma Barret, baƙar fata ɗaya tilo a cikin manyan 'yan tawagar, fassarar ta ba shi bakin ashar da ihu irin na finafinan Amurka, abin da ya rufe zurfin da labarinsa ke da shi. Masu suka sun daɗe suna nuna wannan, kuma suna da gaskiya. Iyaye su ma su sani cewa hukumar tantance wasanni ta Amurka ta ware shi ga matasa ne: akwai zagi, akwai unguwar Wall Market da gidajen holewarta. Ba na ƙananan yara ba ne.

Tsoho ko sabo?

Kamfanin, wanda ya koma Square Enix a 2003, ya sake gina wasan daga tushe. Remake ya fito a 2020, Rebirth a 2024, da murya da hoto mai ɗaukar ido. Sai dai Remake gaba ɗayansa bai fita daga Midgar ba, sashen da bai wuce 'yan sa'o'in farko ba a na asali, kuma sababbin sun sauya wasu sassan labarin. Suna buƙatar na'ura mai tsada. Wanda ke son cikakken labarin a dunƙule, daga farko har ƙarshe, tsohon ne zai ba shi.

Abin sauƙin shi ne na waya ya zo da damar kashe faɗan ba-zata. Masu tsattsauran ra'ayi suna ganin yin hakan ha'inci ne, amma ba haka ba ne. Wanda ya kashe shi a wuraren da ya gundure shi bai rasa komai daga abin da ya sa ake tuna wasan ba, illa dai ya kula kada tawagarsa ta isa wurin manyan abokan gaba ba ta yi ƙarfi ba.

Masu cewa gem ɓata lokaci ne kawai za su samu hujja a cikin Final Fantasy VII, domin lallai yana ɓata wani lokacin. Amma kafin su yanke hukunci, ya kamata su ga abin da ya faru da Corel, su kuma kai ƙarshen faifai na farko.