A Wasa Adda Kafin a Miƙa wa Ɗalibi

Kowace shekara idan muka dawo hutu a watan Satumba, sai mu tarar damina ta rufe mana hanyoyi. Tafasa da ƙarangiya sun cinye hanyar da ta tashi daga ɗakunan kwana zuwa majami'a, sabara kuma ta yi toho a bakin filin wasa. Daga nan sai a buɗe sito a raba wa ɗalibai adduna. Amma wa ya wasa su?

Akwai masu cewa gara a bar su a dakushe don kada yara su ji ciwo. Mu dai ba mu yarda ba. Dakusasshiyar adda ba ta kama itace, zamewa take yi, kuma ƙwauri ne ke tarbarta. Yaro zai ƙara ƙarfi, hannunsa ya yi bororo, ya kuma daɗe cikin ciyawa inda kububuwa ke ɓuya.

Ba kowace adda ce ta dace da kowane aiki ba. Doguwa marar nauyi, irin ta kanti mai tambarin kada, ta ciyawa ce. Sabara da ƙaya kuwa sai gajera mai kauri, irin wadda maƙeranmu na Maƙera Assada ke ƙerawa da tsohon sifirin na mota. Kafin a biya kuɗi a girgiza ƙotar. In tana motsi ko ta tsage, a mayar wa mai ita, kome arharta.

Wasawa ba ta da wuya. A danne addar a kan benci, a riƙa tura magagari gaba kawai, ba a dawo da shi a kan ƙarfen, sa'an nan a gama da dutsen wasi da ruwa. A bar wajen faɗin tafin hannu kusa da ƙota ba kaifi. Kada a sa baki ya yi siriri kamar aska, gama ƙasarmu ta Sakkwato akwai tsakuwa, nan da nan zai ɓantare. Masu wasawa da inji kuma a lura da su: in bakin ya yi shuɗi, zafi ya kashe ƙarfen ke nan.

Muna roƙon hukumar makaranta ta sayi magagari ko da guda 5, ta ware yammacin Asabar ta farko ta zango, malamin aikin gona ya koya wa shugabannin ɗalibai, su kuma su koya wa ƙannensu.