Ƙarancin Insulin: Maganin Mai Ciwon Suga Haƙƙi Ne

A unguwanninmu na Sabo a Ibadan, da Agege da Idi-Araba a Legas, da Ama Hausa a Owerri, da wuya a sami layin da babu mai ciwon suga, kuma a cikinsu akwai waɗanda rayuwarsu ta rataya ga allurar insulin kullum. Wannan magani ya yi tsada, wani lokaci kuma ko da kuɗi a hannu sai a zagaya kemis uku ko huɗu ba a samu ba. Ra'ayinmu shi ne lokaci ya yi da za mu ɗauki wannan matsala a matsayin ta al'umma baki ɗaya, mu daina barin kowane gida da nasa kuka.

Mu fara da sanin inda gizo ke saƙa. An gano insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1921, kuma waɗanda suka gano shi sun miƙa haƙƙin mallakarsa ga jami'ar birnin a kan dala ɗaya kowannensu. Amma yau kamfanoni uku, wato Novo Nordisk da Eli Lilly da Sanofi, su ke riƙe da kusan kashi 90 cikin 100 na kasuwarsa a duniya. A 2024 Novo Nordisk ya sanar cewa zai daina zuba insulin mai sauƙin kuɗi a cikin alƙalami, sai dai a kwalba, kuma a shekarar ce masu ciwon suga da yawa a Afirka ta Kudu suka koma sirinji dole. A nan gida, darajar Naira ta faɗi tun Yunin 2023, kuma a ƙarshen shekarar Sanofi ya sanar cewa zai bar rabon magungunansa a hannun wani dillali. Maganin da ake sayowa da dala kuwa, idan dala ta hau, shi ma sai ya bi ta.

To, mene ne abin yi? A Ingila, lokacin da wani nau'in alƙalamin da ake jefarwa bayan ya ƙare ya yi ƙaranci a 2023, likitoci sun mayar da mutane kan alƙalami mai ɗorewa, wanda ake canza wa 'yar kwalbar ciki kawai. Wannan dabara za ta amfane mu a duk inda ake samun 'yan kwalaben. Alƙalamin yakan yi shekaru, kowace 'yar kwalba tana ɗauke da ma'auni 300, kuma ga dattijon da idonsa ya raunana, murɗa lamba ya fi zuƙo magani da sirinji sauƙi.

Sai dai a kula da abubuwa huɗu. Na ɗaya, kada kowa ya canza magani ko alƙalami sai da sanin likitansa, domin wani insulin mai saurin aiki ne, wani mai jinkiri, wani kuma gauraye. Na biyu, kwalbar wani kamfani ba ta dacewa da alƙalamin wani, don haka a tafi kemis da tsohon kwali, a kuma duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Na uku, a riƙa canza tsinin allura, a fitar da ma'auni 2 a iska kafin a yi, kuma mutum biyu ba sa tarayya a alƙalami ɗaya ko da miji da mata ne. Na huɗu, kowane gida ya koyi amfani da kwalba da sirinji don ranar da 'yar kwalba ta ɓace a kasuwa, a kuma tabbata lambar da ke jikin sirinji, U-100 ko U-40, ta yi daidai da ta jikin kwalba, domin saɓaninsu yana iya jefa mutum cikin suma.

Batun ajiya kuma, wanda ba a buɗe ba wurinsa firij ne, amma ban da wurin ƙanƙara. Wanda aka buɗe yakan yi mako huɗu idan an nisanta shi da rana da murhu. Inda babu wuta, a sa shi a gwangwani mai murfi a binne cikin jiƙaƙƙen yashi kusa da randa.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne masu rage allura don magani ya kai ƙarshen wata, da masu dainawa su koma jiƙo. Ga yaron da jikinsa ba ya samar da insulin ko kaɗan, kwana ɗaya ko biyu babu allura yana iya kai shi ga halaka. Idan aka ga amai, da ƙishirwa mai tsanani, da numfashi sama-sama, a garzaya asibiti nan take. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti korar mai buƙatar taimakon gaggawa.

Nan ne maganar haƙƙi ta shigo. Sashe na 41 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama a duk inda ya so, sashe na 42 kuma ya haramta nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asali. Muna biyan haraji a kasuwannin nan, an haifi 'ya'yanmu da jikokinmu a nan. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma tanadi asusu don marasa galihu. Saboda haka mu yi rajista a shirin jihar da muke zaune, kamar Ilera Eko a Legas, mu kuma tambayi jami'ai gaba da gaba ko insulin yana cikin abin da shirin ke biya. Idan ba ya ciki, mu rubuta takarda mu nemi a sa shi.

Muna kira ga Sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa su taimaka a tattara adadin masu amfani da insulin a kowace unguwa, cikin sirri da mutunci, a kafa asusu irin na adashe don sayen magani a dunƙule daga dillali mai rajista. A azuzuwan yaƙi da jahilci kuma, za mu sa karatun lambobin jikin kwali da alƙalami cikin darasi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.

Sakataren Ƙungiya