Ribas: Baƙuwar Da Ta Zama 'Yar Gida

Akwai malaman Hausa da ke ja wa ɗalibi jan layi idan ya rubuta "direba ya yi ribas", su ce ya gyara zuwa "ya ja da baya", wai don tsarkake harshe. Niyyarsu mai kyau ce, amma gyaran bai dace ba, domin kalmomin biyu ba ma'anarsu ɗaya ba.

Ribas ararriyar kalma ce daga Ingilishi, wadda ta shigo tare da mota kamar yadda birki da giya da sitiyari suka shigo. Da yake Hausa ba ta da sautin "v", sai Bahaushe ya musanya shi da "b", kamar yadda ya yi a direba da talabijin. Bayan haka ya taƙaita ma'anarta. A Ingilishi kalmar takan shafi soke hukunci ko bayan kwabo, amma a bakin direbobinmu tana nufin tafiyar da mota ta baya da gangan, bayan an sa giyar da aka tanada domin haka.

A nan bambancin yake. Motar da birkinta ya shanye a kan tudu takan ja da baya, alhali babu wanda zai ce ribas take yi. Wannan haɗari ne, ribas kuwa gwaninta ce da ake koya, ana duban madubi, karen mota yana bubbuga jikin mota don direba ya san inda zai tsaya. Mai ba da shaidar haɗari a gaban alƙali, idan ya cakuɗa kalmomin nan, yana iya ɗora wa direba laifin da bai yi ba.

Masu adawa na cewa yawan aro yana raunana harshe. Gaskiya ne idan ana da kalmar gida da ta wadatar aka yi watsi da ita. Amma Hausa ta ari littafi da alƙalami daga Larabci tun ƙarnoni da suka wuce, kuma ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da irinsu, ba ta kuwa raunana ba.

Saboda haka ya kamata malami ya bar wa ɗalibi ribas ɗinsa, ya koya masa inda kowace kalma ta dace. Zai fi amfani ma ya tura ɗalibai tashar mota su tattaro kalmomin direbobi, su zo aji a tantance ma'anarsu.