Wa ke sa hannu kafin a miƙa bayanan jama'a?

A shekarar 2005 wata kotun ƙasar Sin ta ɗaure ɗan jarida Shi Tao shekaru 10. Laifinsa shi ne ya aika waje, ta akwatin saƙonsa na Yahoo, da umurnin da hukuma ta bai wa jaridu game da cikar shekaru 15 da kisan dandalin Tiyananmen. Kamfanin ne da kansa ya miƙa bayanan da suka kai ƴan sanda gare shi. Sai a 2007 shugaban Yahoo ya nemi gafarar mahaifiyarsa a majalisar Amurka, alhali shi yana kurkuku.

Tun 2010 Google ke wallafa adadin buƙatun da gwamnatoci ke aiko masa, Facebook kuma ya bi sahu a 2013. Ƙididdiga ce kawai: ba ta faɗin wanda aka nema, balle dalili.

Babu mai hankalin da zai hana alƙali neman lambar wanda ya damfari ɗan kasuwa ta WhatsApp, ko ta masu garkuwa da mutane a iyakar Maraɗi da Katsina. Abin dubawa shi ne wanda ke sa hannu. Dokar sauraren sadarwa da majalisar dokokin Nijar ta amince da ita a watan Mayun 2020, duk da ƙin amincewar ƴan adawa, ta danƙa izinin ga shugaban ƙasa, ba ga alƙali ba. A shekarar kuma aka tsare ƴar jarida Samira Sabou da dokar laifukan intanet ta 2019, saboda rubutu a Facebook.

Wasu na kwantar da hankalinsu da cewa saƙon WhatsApp a kulle yake. Gaskiya ne kamfanin ba ya iya karanta shi, amma yana iya ba da lambar waya da adireshin intanet da lokutan shiga. Ga ma'aikacin da ya tsegunta wa jarida wata kwangilar bogi, wannan kaɗai ya isa a gano shi.

Dokar 2017 ta kafa babbar hukumar kare bayanan jama'a. Ya kamata ta riƙa bayyana kowace shekara buƙatu nawa hukumomin Yamai suka aika wa waɗannan kamfanoni, da nawa ne daga ciki alƙali ya gani.