Shin a tilasta wa masu sayar da kaya a intanet su riƙa turo kaya da lambar bin sawu?

Yau ba saitin waya za mu koya ba. Wata magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma duk wanda ya taɓa tura kuɗinsa ga mutumin da bai taɓa gani ba a Facebook ko WhatsApp ko TikTok zai gane inda na dosa.

Ni gyaran waya nake yi a Wara, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski. Yawancin kayan aikina, irin su sikirin da batir da bakin caji, daga Kano ko Legas suke zuwa. Ba zan iya tashi in tafi Farm Centre ko Computer Village saboda sikirin uku ba, kuɗin mota kaɗai ya cinye ribar, balle tun da aka cire tallafin mai a 2023. Don haka oda nake yi ta waya, in yi tiransifa, in zauna jiran direba.

Bara wani masunci ya kawo mini wayarsa sikirin ya fashe. Daga ɗaya daga cikin tsibiran tafkin Kainji yake, sai ya hau jirgin ruwa kafin ya iso shagona. Ba ni da irin sikirin ɗin, sai na yi oda wajen wani sabon mai kaya da na gani a wani gurup na masu gyara, na haɗa da wasu kayan, na tura masa kuɗi. Washegari ya ce: "Oga na ba direba." Na ce wace mota, wace tasha? Sai ya turo mini lambar waya guda ɗaya. Na kira, a kashe. Kwana biyu, kwana biyar, mako biyu, shiru. Duk ranar kasuwa bawan Allahn nan sai ya biya kuɗin jirgi ya zo, in ba shi haƙuri ya koma. Daga ƙarshe da kuɗin aljihuna na sake sayen sikirin a wani wajen, don kar sunana ya ɓaci.

Har yau ban san wanda ya ci kuɗina ba. Mai yiwuwa mai kayan bai tura komai ba. Mai yiwuwa kuma ya tura da gaske, kwalin ya faɗi a hanya ko aka sauke wa wani. Wannan shi ne babban ciwon: idan babu hujja, mai gaskiya da ɓarawo kamarsu ɗaya.

To mece ce lambar bin sawu, wadda 'yan kasuwa ke kira tirakin? Idan aka kai kaya ofishin kamfanin aika saƙo, ana manna wa kwalin takarda mai lamba da zanen da na'ura ke karantawa. Duk ofishin da kwalin ya shiga sai a haska shi, kwamfuta ta rubuta wuri da lokaci. Kai kuma ka sa lambar a manhajar kamfanin ko shafinsa, ka ga inda kayanka suka kwana. Idan ta gidan waya aka turo daga ƙasar waje, lambar takan zo da haruffa biyu a farko, lambobi 9 a tsakiya, sai haruffa biyu na ƙasar da kayan suka fito, kamar CN na Sin ko NG na Najeriya. Haka Jumia da Konga da AliExpress suke nuna maka tafiyar odarka a cikin manhaja, haka ma GIG Logistics da DHL.

Masu cewa a mayar da wannan dole suna da hujja mai ƙarfi, kuma ni ma rabina yana tare da su. Lambar nan tana kare mai saye, domin ba za a ce masa "na tura" da baki kawai ba. Tana kuma kare mai sayarwa, domin akwai masu karɓar kaya su rantse ba su gani ba. A kasuwar eBay ma, idan mai saye ya ce kaya ba su iso ba, lambar da ta nuna an kai ita ce ke fitar da mai sayarwa. Ka ga ba a kafa tsarin don a wahalar da kowa ba.

Amma ku tsaya mu duba inda muke zaune. Manyan kamfanonin nan ofisoshinsu a manyan birane suke. Mutumin Libata ko Birnin Yauri ko wani ƙauye a Shanga, idan aka ce sai ta kamfani kaɗai za a turo masa kaya, to kwalinsa zai tsaya a birni ne, shi kuma ya biya mota ya je ya ɗauko. Ga matsalar adireshi: gidajenmu da yawa ba lamba, ba sunan titi, kwatance muke yi da masallaci ko bishiya ko gidan mai unguwa. Wanda ke cikin tsibiri kuwa ba a ma magana. Abin da ke kawo mana kaya a zahiri shi ne direban tasha, abin da muke kira webil. Kayan Legas su biyo ta Ilori da Jebba da Kontagora, a sauke a Yawuri ko a nan Kontagora ɗin, a sake ba wata ƙaramar mota, wani lokacin har da ɗan acaba ko mai jirgi. Direban nan ba shi da na'urar haska kwali, amma shi ne ke riƙe da kasuwancinmu.

Sannan ga lissafin kuɗi. Idan bakin caji ne ko gilashin kariya za ka saya, kuɗin kamfani zai iya fin kuɗin kayan. Yarinyar da ke sayar da turaren wuta ko atamfa a sitatus ɗinta, ka ce mata sai da kamfani, ka rufe mata kasuwa ke nan. Manya su ci gaba, ƙanana su mutu.

Wani abin da mutane ke mantawa: lambar bin sawu kwali take bi, ba abin da ke cikin kwalin ba. Za a iya turo maka kwali da lamba mai kyau, ka bi shi tun daga Ikeja har hannunka, ka buɗe ka tarar da mataccen batir ko sikirin na jabu. Akwai ma masu turo lambar kayan wani don su kwantar maka da hankali. Saboda haka duk wanda ya ce maka tirakin ya gama maganin zamba, bai gaya maka gaskiya duka ba.

Ga ra'ayina. Abin da ya kamata ya zama dole shi ne hujja, ba kamfani ba. Duk wanda ya karɓi kuɗinka kafin ya ba ka kaya, wajibi ne ya nuna maka sawun kayan, ta kowace hanya ya turo. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan kayan masu tsada ne, kamar sabuwar waya ko kwamfuta, kuma akwai ofishin kamfani kusa da mai saye, to a nan na yarda ɗari bisa ɗari a tilasta lambar bin sawu. Idan kuma ta tasha ce, to tashar ma tana iya samun nata tirakin ɗin, kuma wayar da ke hannunka ta isa ta yi shi.

Ga abin da nake nema yanzu kafin in ce an turo mini kaya:

1. Bidiyon kayan ana sa su a kwali ana naɗewa, da sunana da lambata a rubuce a jiki.
2. Hoton kwalin a hannun direba ko a cikin mota, lambar motar ta fito sosai.
3. Sunan tasha, da lambar direba, da lambar ɗan kamasho ko wani jami'in ƙungiyar direbobi da ya shaida. Lamba ɗaya ba ta isa ba.
4. Rasit na tasha idan suna bayarwa.
5. In kira direban da kaina kafin motar ta tashi, in ji daga bakinsa cewa kwalin yana wajensa da kuma inda zai sauke.

Kai ma akwai naka aikin. Ka adana hirarku, kar ka goge. Ka ɗauki hoton rasit ɗin tiransifa daga OPay ko Moniepoint ko bankinka, ka duba ko sunan asusun ya yi daidai da sunan mai kayan. Idan kwali ya iso, ka kunna bidiyo kafin ka yage shi. Idan sabon mutum ne, ka fara da ƙaramar oda, ko ku yi rabi yanzu rabi idan kaya sun iso. Ka kuma sani cewa Jiji da gurup-gurup na Facebook haɗa ku kawai suke yi, kuɗinka ba ya hannunsu, ba kamar AliExpress ba inda za ka iya shigar da ƙorafi a manhaja a dawo maka da kuɗi. Akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, amma ko can ka je hujja za a fara tambayarka.

Kira na ga masu kula da gurup-gurup na saye da sayarwa: ku sa wannan ya zama doka a gurup ɗinku, wanda ya ƙi a cire shi. Shugabannin tasha kuma, littafi guda da za a riƙa rubuta kowane saƙo da lambar mota da ranar tashi zai kashe rigima da yawa. Ba sai mun jira doka daga Abuja ba.

Mai kayan da ya ji haushi don ka nemi hoton mota, ka riƙe kuɗinka. Mai gaskiya minti biyu zai ɗauka ya turo maka. Tun da na fara bin wannan tsarin kwalina bai sake ɓata ba, kuma ranar da wani ya makara a Kontagora, kira biyu na yi na gano inda yake.

Ku kuma ta wace hanya kaya ke iso muku a garinku? Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya sa albarka a nema.