ZAUREN MALAM: Sirdin Babur Da Buzun Almajiri

Ina gai da dattawa da fatake daga nan Harra ta Yamma, a birnin Madina, unguwar baƙin dutse inda Masallacin Alƙibla Biyu ya ke.

Ran nan wani tsohon almajirina, mai kai wa mutane saƙo a kan babur, ya tafi Badar, tafiyar kamar kilomita 150. Da ya komo muka tsaya sallar Isha'i, sai na ga ya kasa zaman tahiya, ƙafa ta mutu, baya ya riƙe. Kwana uku bai fita aiki ba, ga iyali. Na ce lalle in faɗakar da ku, gama na san da yawa cikinku a kan babur su ke cin kasuwannin ƙauye.

To, ga abin da na fahimta. Nauyin mai zama duk a kan ƙasusuwa biyu na mazaunai ya ke sauka. In ya daɗe bai motsa ba, jini ba ya gudana sosai a wurin, sai zafi, sai mutuwar ƙafa. Mutane su kan zaci soso mai laushi shi ne magani. Ko kusa! Mai laushi nan da nan ya ke lotsawa, ka iske kanka kan gindin sirdi mai tauri. A kai wa mai ɗinkin kujerun mota, ya sa soso mai ƙarfi daga ƙasa, mai laushi kaɗan daga bisa, ya faɗaɗa wajen zama don nauyi ya bazu.

Sai maganar zafi. Nan Madina da bazara zafi ya kan wuce digiri 40, baƙar rigar sirdi kuwa tana shan rana kamar duwatsun unguwarmu, ba ta kuma shan gumi. Maganin wannan tun kakanninmu muna da shi, watau buzu. Na ba yaron wani tsohon buzuna, aka yanka daidai sirdi, aka ɗaure tamau da tsirkiya ta ƙasa. Gashin yana barin iska ta ratsa, gumi ya bushe. Amma fa a ɗaure da kyau, gama buzu mai zamewa ya fi rashinsa hatsari. In an ajiye babur a rana, a rufe sirdi.

Sauran ƙanana ne. A fid da walat daga aljihun baya. A duba iskar taya, kada ta yi yawa. Mai ɗaukar kaya ya sa makaniki ya daidaita sifirin na baya. Kowace sa'a a sauka a taka, a sha ruwa. Tafiya sannu sannu kwana nesa. Hular kwano kuwa ba a barinta. Wanda ƙafarsa ta riƙa mutuwa ko bayan ya huta, ya tafi ga likita, kada ya tsaya ga buzu.

Yaron ya koma aiki, jiya a sahun gaba ya yi tahiyarsa lafiya lau. Jiki amana ne, za a kuwa tambaye mu. Allah shi kai kowa gida lafiya, amin.

Haza wasalam.